Wasiƙar Godiya Ga Masta Mai Gyaran Talabijin Da Yaransa, Daga Majalisarmu Ta Aboabo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masta, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago, 'yan majalisarmu ta ataya da ke Aboabo ne suka ɗora mini nauyin rubuta wannan wasiƙa. Sun ce kada in tsaya ga miƙa maka ita hannu da hannu, in sa ta inda mutanen Zangon Kumasi za su karanta. Ka roƙe mu kada mu ambaci sunanka, mun kuma ji. Amma duk wanda ya taɓa rungumo mataccen rediyo ko talabijin tsakanin Aboabo da Asawase ya san shagon da nake nufi, kuma yabon gwani ya zama dole.

Talabijin ɗinmu mai inci 43 ce, karo-karo muka yi muka saya, tana rataye a bango ƙarƙashin rumfa. Ciwon nata a hankali ya shigo. Fuskokin masu karanta labarai ne suka fara komawa kore-kore, sai fararen kaya suka bi. In an kamo tashar Harami, haramin alhazai da ya kamata ya yi fari fat sai ka gan shi ya yi kore. A ranakun ƙwallo ba wanda ya damu, tunda filin dama kore ne. Asiri bai tonu ba sai ranar da ƙungiyar ƙwallo ta Asante Kotoko ke wasa, jar rigarsu ta dushe ta koma wani launi mai duhu da ba shi da suna, fararen layukan fili kuma suka yi kore. Nan magoya bayan King Faisal na cikinmu, ƙungiyar da launinta kore ne, suka ce alhamdu lillahi, talabijin ma ta gane gaskiya ta sauya ƙungiya. Dattijon majalisarmu, wanda ya ga lokacin da GBC, kafar yaɗa labarai ta gwamnatin Ghana, ta fara talabijin a 1965, ya ga kuma zuwan mai launi a 1985, cewa ya yi mu daina ƙorafi: a zamanin baƙi da fari da kuɗinsu suke sayen leda mai launi su manna a gilashi, mu ga shi mun samu kyauta.

An yi dariya, amma kuɗin jama'a ne a bango. Wani mai gyara da aka kira ya tsaya daga nesa, ko rimot bai taɓa ba, ya ce gilashin ne ya mutu. Ya faɗi kuɗin da in ka ɗora kaɗan a kai za ka sayi sabuwa. Har an fara maganar sabon karo-karo, sai wani ya ce a tambaye ka tukuna.

Abin da ya fara burge ni shi ne ka hana mu ɗauko ta. Ka ce: "Alhaji, ku bar ta a inda take. Sau da yawa ciwon ba a jikinta yake ba, yana jikin abin da aka jona mata. In kun kawo ta ita kaɗai kun baro mai laifin a gida." Ka turo babban yaronka, ba ya ɗauke da komai sai wayar HDMI ɗaya da filashi a aljihu.

Zan faɗi abin da yaron ya yi dalla-dalla, don shi ne ya fi amfanar mai karatu, kuma ko sukudireba bai fitar ba. Ya karɓi rimot ya danna menu, ya ce mu kalli rubutun da akwatunan da talabijin ke zanawa da kanta. Ya ce, "Baba, in hoton tasha kore ne amma menu yana nan da launinsa, to ku fara zargin dikoda ko waya. In menu ma ya yi kore, abin ya matso cikin gida." Namu ya yi kore. Duk da haka bai yanke hukunci ba. Ya zare filogi daga soket, ya danne maɓallin kunnawa na jikinta na ɗan lokaci, ya bar ta ta huta, ya mayar. Ya cire wayar dikoda ya sa tasa, ya sauya rami daga HDMI na ɗaya zuwa na biyu. Ya cire komai ya sa filashi mai hotuna: fari zalla, ja zalla, shuɗi zalla, sai hoton fuskar mutum. Sannan ya shiga saitin hoto ya duba wani ma'auni da ke da G (kore) a gefe ɗaya da R (ja) a ɗaya gefen, wanda in yaro ya yi wasa da rimot ya tura shi gefen G, hoto kan karkata zuwa kore alhali talabijin lafiyarta lau. Namu yana tsakiya. Ya mayar da saitin hoton gaba ɗaya yadda ya fito daga kamfani. Koren bai motsa ba. Sai a lokacin ya ce a nemo pragya, wato babur mai ƙafa uku, a kai ta shago, ya kuma tsaya a kan cewa a tsaye za a riƙe ta, kada a kwantar, don gilashin nan siriri ne, ramin hanya ɗaya ya isa ya tsaga shi.

A shago ne na fahimci abin da idona ke gani duk tsawon lokacin nan. Ka sa farin hoto a wata lafiyayyar talabijin, ka ba ni gilashin ƙara girma ka ce in kara. Babu fari a wurin ko kaɗan. Ƙananan ɗigo ne a jere, ja, kore, shuɗi, ja, kore, shuɗi. Ka ce irin tamu tana da ɗigon hoto 1920 a kwance da 1080 a tsaye, sama da miliyan 2 ke nan, kuma kowane ɗaya ya kasu uku. In ukun sun haska daidai, ido ya ga fari. In ja da shuɗi sun yi rauni, kore ya rage shi kaɗai yana mulki. In koren ne ya faɗi, hoto ya koma ruwan hoda ko shunayya. Wato talabijin ɗinmu ba kore ta ƙara ba, sauran biyun ne suka ja baya. Da ka ce rawaya ma haɗin ja da kore ne, sai na tuna tutar ƙasa da muke gani a farkon labarai: jan sama ya yi duhu, rawayan tsakiya ya koma kore, har ya kusa haɗewa da koren ƙasa, tauraro ne kawai bai sauya ba.

Ka kwance bayanta a gabana, ka nuna mini allunan ciki ɗaya bayan ɗaya: na wuta, babban allo inda ramukan waya suke, da wani ƙarami da kuke kira T-Con, wanda ke karɓar hoto daga babban allo ya rarraba wa ɗigon gilashi. Tsakaninsu akwai waya mai faɗi, bakinta cike da ƙananan haƙora. Da ka zare ta, har ni da ba sana'ata ba na ga haƙoran sun dafe. Ka tambaye ni ko muna hura gawayi kusa da ita. Muna hurawa mana, ina aka taɓa ataya babu gawayi? Ka ce hayaƙi da ƙurar hunturu su kwanta, damina ta zo da laima ta jiƙa su, a haka haƙoran ke daina taɓa juna sosai, saƙon wani launi ya riƙa ɓacewa a hanya. Ka goge da sifirit, ka bari ya bushe, ka mayar. Launi ya dawo tas.

A nan ne, Masta, wani zai karɓi kuɗinsa ya sallame mu, mu tafi muna sa masa albarka. Kai ka ce a bar ta a kunne har gobe, don akwai ciwon da ba ya fitowa sai ƙarfe ya ɗauki zafi. Washegari kai da kanka ka kira ka ce koren ya dawo bayan ta daɗe a kunne, gogewar ta taimaka amma ba ita ce ƙarshen magana ba, allon T-Con ɗin ma ya gaji. Ba ka ɓoye mana komai game da wanda za ka sa ba. Ka ce sabo ba ya samuwa da sauƙi, wanda ke hannunka daga jikin wata talabijin ka ciro da gilashinta ya fashe amma cikinta lafiya, kuma ka jera su biyun ka nuna mini lambar da ke jikinsu iri ɗaya ce, don wannan allo ba a sa shi da kama, sai da lamba. Ka ba mu wa'adi cewa in ya sake kafin lokaci kaza mu dawo ba za mu biya aiki ba, ka rubuta a rasit. Tsohon allon kuma ka sa a leda ka miƙo mini. A ganina wannan ledar ta fi kowace rantsuwa, domin mu da muke kai gyara ba mu da hanyar sanin an canja abu ko ba a canja ba sai irin haka. Abin da muka biya gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka fara faɗa mana ba.

Labari ya bazu, sai ga masu koren hoto suna fitowa ta ko'ina, ashe kowa na fama da nasa a ɗaka. Mahaifiyar ɗaya daga cikinmu, Hajiya, tata tana yin kore ne a dikoda kawai, wani lokaci kuma ta yi ruwan hoda. Ko shago ba a je ba. Yaronka ya ce a ɗauki hoton menu a turo ta WhatsApp, ya ga launinsa daidai, ya ce a zare wayar HDMI a duba bakinta. Haƙora 19 ne a cikin ɗan bakin nan, kuma nata ya lanƙwashe saboda an matse talabijin da bango. Aka sayi sabuwar waya, magana ta ƙare. Da aka tambayi kuɗin aiki cewa ya yi Hajiya ta sa masa albarka. Ya ƙara mana da cewa wani lokaci waya lafiyarta lau, dikoda ce ke aiko da launi da tsarin da talabijin ba ta zata ba, ita tana jiran RGB ana ba ta YCbCr ko akasin haka, sai hoto ya rine. Maganinsa a shiga saitin dikoda a mayar da shi ya zaɓa da kansa, ko a kashe su duka biyu a sake kunnawa.

Wani maƙwabcinmu mai tsohuwar DVD kuma wayoyin nan masu kai kore da shuɗi da ja yake amfani da su. Mai koren kai ce ke ɗauke da hasken hoto, sauran biyun ke kawo launi, to tasa ja ta saki. Wani kuma jar wayar sauti ya cusa a ramin jar hoto, tunda duk ja ne. Sai mai tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, wanda kusurwa ɗaya ce kawai ta yi kore, ashe babbar sifika ya jingina mata, maganaɗisun ciki na karkatar da hoton. An janye sifika, an kashe ta ta huce, an kunna, tabon ya tafi.

Gargaɗinka ma zan isar, tunda ka ce in zan rubuta kada in bar shi. Duk abin da ake yi da rimot da sauya waya kowa na iya gwadawa a gida. Kwance baya kuwa a bar wa masu shi. Wutarmu volt 230 ce, kuma akwai kafasita, wani ɗan abu mai adana wuta, a allon wuta da kan riƙe sama da volt 300 ko bayan an zare filogi. Tsohuwar mai ƙaton baya ta fi haɗari, wutar da ke jikin kwalbarta kan kai wajen volt 25,000. Ka ce a sa mata abin kariya a soket, irin wanda ke jinkirta kunnawa in an dawo da wuta, don dawowar ce ta fi ɗaukewar ɓarna. Kada a fesa ruwa a gilashi a goge, yakan gangara ƙasa ya ci siraran wayoyin da ke manne da gindinsa, kuma wannan in ya faru sau da yawa sai dai sabon gilashi. Mu dai mun matsar da murhu can bakin rumfa, mun ɗinka mata riga da ake rufe ta da dare bayan ta huce.

Akwai abin da na lura da shi ina zaune a bencinka wanda ba ka san ina kallo ba. Duk talabijin da aka ajiye, kafin ka ce komai sai ka tambayi ƙaramin yaro, "Me ka gani? Da me za ka fara?" In ya ce allo ne, sai ka ce ya gwada waya tukuna. Da Hausa kake yi wa wannan, da Tonanci, yaren Asante, kake yi wa wancan, kuma ban ji ka zagi uwar kowa ba, abin da ba kowane shagon koyon sana'a zai yi alfahari da shi ba. Iyayen da ke neman inda za su kai yaro ya koyi aikin hannu, ni dai na ga wuri.

Ƙorafi ɗaya majalisa ta ce in haɗa da shi, kada a ce an saye mu: wayarka. Mutum zai kira har ya gaji ba a ɗauka ba, mun san hannunka na kan dalma, amma ka ba ɗaya daga cikin yaran ya riƙa amsawa. Allon sunan shagon ma rana ta cinye shi, baƙo zai wuce bai gani ba. Akwai mai fenti a cikinmu, ya ce ranar da ka shirya zai zo ya sabunta shi, ba ko pesewa.

Allah Ya ƙara wa hannunka albarka, Ya tsare ka da yaranka daga sharrin wuta da na ƙarfe, Ya jiƙan magabata, Ya sa yaran nan su gaje ka a aiki da hali. 'Yan Kotoko na gaishe ka da babbar murya. 'Yan King Faisal ma sun ce a gaishe ka, amma ba su yafe ba.

Wassalam.

Naka,
Sakataren majalisa, a madadin dattawa da matasa,
Aboabo, Kumasi.