Godiya ga Sashen Gashin Ƙashi na Asibitin Dala

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan Sashen Gashin Ƙashi,
Asibitin Ƙashi na Ƙasa, Dala, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda yawancin mutanenmu ba su san Dala da komai ba sai karaya da filasta da waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Tun 1959 asibitin nan yake wannan aiki, dole sunan ya bi shi. Ni kuwa da ƙafata na shigo, ba jini ba karaya. Ciwon agara ne ya kawo ni, irin wanda in ka faɗa a majalisa sai a ce ka shafa man zafi ka kwanta.

Ina da hawan jini, sukarina ma ya fara leƙowa, shi ya sa likita ya ce in riƙa motsa jiki. Na shiga sahun masu gudun bayan asuba, wata rana a titin BUK, wata rana a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Gudun ya karɓe ni, awon jinina ya sauka, barci ya daidaita. Ana cikin haka bayan ƙafata ta dama ya fara ciwo, kamar yatsa uku sama da dunduniya. Takun farko da asuba, daga gado zuwa wajen alwala, sai in ji kamar an ɗaure wurin da waya. Kafin in dawo daga masallaci ya saki. In na fara gudu ya ɓace, da yamma ya dawo da ƙarfinsa.

Shawara kuwa ba irin wadda ban samu ba. Wani ya ce ƙaho, wani ya ce a kai wa mai ɗori ya ja, wani ya ce akwai allurar da ake yi a wurin, kwana biyu an gama. Amma duk bakinsu ya zo ɗaya a kan in daina komai in zauna. Wannan ce ta fi tayar min da hankali, don na san abin da zama zai yi wa jinina.

Matashin da ya duba ni a sashenku bai taɓa ƙafar ba sai da ya gama tambayoyi. Nisan da nake gudu, ko na ƙara shi kwanan nan, kwalta nake bi ko ƙasa, takalmin ya kai shekara nawa. Daga nan ya gano cewa nisan da saurin sun ƙaru a lokaci guda, takalmin kuma ya riga ya mutu. Sai ya ce, "Baba, ka sha maganin taifot a 'yan watannin nan?" Na yi mamakin me ya haɗa taifot da agara. Ya bayyana min cewa ciprofloxacin, maganin da ake sha don taifot, da danginsa suna iya raunana agara har ta tsinke, musamman ga masu shekaru, kuma tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta wannan gargaɗi a jikin takardar maganin. Ni ban sha ba, amma na rubuta shi a nan saboda kowa ya san yadda ake sayen maganin nan a kemis da zarar zazzaɓi ya kwana biyu. Allurar da aka yi min talla ma ya ce a bar ta, domin irinta tana kwantar da zafi na ɗan lokaci amma tana iya cinye ƙarfin agarar.

Ya kwantar da ni rub da ciki, ya matsa sharaɓata, tafin ƙafar ya motsa. Ya ce alhamdulillahi, ba ta tsinke ba. Sannan ya faɗi maganar da ta sa na ɗauki alƙalami yau: "Ba za mu zaunar da kai ba, Baba. Agara in aka bar ta ba aiki, rauni take ƙarawa. Aikin za mu auna mata."

Awon kuwa mai sauƙin riƙewa ne. Ya ce in ɗauki zafi daga 0 zuwa 10. Duk motsin da zafinsa bai wuce 5 ba, kuma ya kwanta kafin wayewar gari, an yarda in yi. In na tashi da asuba ɗaurin ya fi na jiya, to jiya na zarce, sai in rage. Da wannan ma'auni aka sauke gudun na wani lokaci, aka maye gurbinsa da keken motsa jiki da tafiya mai sauri a wuri shimfiɗaɗɗe, ba hawa ba gangara. Ko mako ɗaya ban yi ba tare da na yi gumi ba, kuma minti 150 ɗin nan da Hukumar Lafiya ta Duniya take so babba ya samu a mako ban rasa su ba.

Babban maganin kuma a dakalin ƙofar gida na yi shi. Ka tsaya a bakin dakali da yatsun ƙafa, ka ɗaga da ƙafa biyu, ka ɗauke lafiyayyar, ka sauke dunduniyar mai ciwon a hankali har ta wuce bakin dakalin. Sau 15 sahu uku da gwiwa a miƙe, sau 15 sahu uku da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, na mako 12. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Alfredson ne ya fito da tsarin a 1998. Jimilla 180 ke nan a rana, kuma ba zan ɓoye ba, akwai gundura. Yaran unguwa sun sha tsayawa suna kallon dattijo yana hawa da sauka a wuri ɗaya. Da abin ya yi sauƙi aka ce in goya jaka da littattafai a ciki don nauyi ya ƙaru. An kuma ja min kunne kada in koya wa kowa da ka, saboda wanda ciwonsa yake daidai inda agara ta manne da ƙashin dunduniya, shi ba a so ya sauke ƙafa ƙasa da dakali, a kan daɓe yake yin nasa. Wannan bambanci kaɗai ya isa dalilin zuwa wajen masana.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a yi min alkawarin ƙarya ba. Tun ranar farko aka ce wata uku ne mafi ƙaranci, yana iya kai wa shida, saboda wurin ba ya samun jini sosai kamar tsoka. A tsakiya akwai makon da ciwon ya motsa har na karaya. Wata ma'aikaciyarku ta duba littafin da nake rubuta awon zafin, ta rage nauyin jakar, ta ce, "Alhaji, haka take yi, kada ka ajiye." Ban ajiye ba.

Komawa gudun ma da tsari aka yi: minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, a kan ƙasa, da hutun kwana ɗaya tsakani, da sabon takalmi. Yanzu na koma cikin abokaina, sai dai nisa ko sauri, ɗaya nake ƙarawa a lokaci guda, kuma atisayen dakali yana nan sau biyu ko uku a mako.

Ina godiya ga masu ba da kati da masu shara da ɗaliban da ke koyon aiki, waɗanda suke gaishe da mutum kamar ubansu. Ina roƙon hukumar asibitin, in da hali, ta riƙa tura ma'aikatan wannan sashe filayen da jama'a ke motsa jiki da safe, ko sau ɗaya a wata, don masu ɗingishi a cikinmu suna da yawa kuma ba su san ƙofarku a buɗe take gare su ba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa zuri'arku albarka, Ya ba marasa lafiyar da ke hannunku sauƙi.

Wassalam.

Naku,
Wani mai gudun asuba daga Gwale, Kano.