A Daina Gaggawar Sauya Sensar Zafin Salansa

Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu motocin a-kori-kura na dizal. Motocin zamani suna da sensar zafi, wato 'yar na'urar auna zafi, uku ko huɗu a jikin salansa, kafin turbo (mai ƙara wa inji iska) da gefe biyu na matatar hayaƙi, wato DPF. Da su kwamfutar mota ke sanin lokacin ƙona baƙin da ya taru a matatar, a zafin kusan digiri 600. In ɗaya ta yi ƙarya, sai ƙonawar ta tsaya, matatar ta toshe, mota ta rasa ƙarfi.

Sau da yawa ba sensar ce ta mutu ba. Waya ce ta goge a jikin ƙarfe, ko soket ya yi tsatsa. A bar motar ta kwana, a saka mata na'urar binciken kwamfutar mota da safe kafin a tayar da motar: tunda ta huce, ya kamata duk sensocin su nuna zafi kusan ɗaya. Wadda ta yi nisa da sauran, a bi wayarta tukuna. In za a kwance ta, a jiƙa zaren ƙarfen da ake murɗa ta a kai da man kwance tsatsa, kar a murɗa da ƙarfin tsiya, don takan karye a cikin ramin.

Naka,
Wani makanike