Masu doguwar tafiya a babur, a ɗaure raƙumi tukuna

Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da 'yan'uwanmu masu ɗaukar doguwar hanya a kan babur, musamman yanzu da bazara ta kama, 'yan ci-rani sun fara ɗaure kaya za su koma gida gyaran gona. Daga Kano ta Kazaure da Daura, a tsallaka iyakar Nijar a Kongolam a bi ta Matamaye har Damagaram, tafiya ce ta sama da kilomita 200, kuma ƙaramin babur irin Boxer ne ke yin ta da buhu biyu da mutum a baya.

Abin da ke damunmu shi ne yadda ake jibga wa ƙaddara laifin sakaci. Inji ya buga a tsakiyar daji sai ka ji an ce "haka Allah ya so". Gaskiya ne, amma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkalin. Raƙumin mai babur kuwa baƙin mai ne da sarƙa da taya.

Waɗannan injina iska ce ke sanyaya su, kuma baƙin man da suke sha bai wuce lita ɗaya ba. Idan ya ragu ko ya tsinke kamar ruwa, aka kuma murɗe totur awa biyu cikin zafin Afrilu, fistin zai kumbura ya kama. A juye sabo kafin a tashi, a riƙa tsayawa bayan kowace tafiyar awa ɗaya da rabi a bar shi ya huce minti goma sha biyar. Kada a watsa masa ruwan sanyi, ƙarfe mai zafi yana iya tsagewa. Sarƙa kuma a taɓa ta a tsakiya, wasanta kada ya wuce faɗin yatsa biyu, kada kuma a ɗaure ta tamau, don idan kaya suka danne bayan babur sai ta ƙara ɗaurewa. A duba ɗan makullin da ke haɗa ta: rufaffen bakinsa ne zai kalli inda sarƙar take tafiya. An juya shi, zai iya fita, sarƙa ta naɗe ƙafar baya.

Taya ita ce ta fi ba da wahala. Wasu na rage iska wai don zafin kwalta, alhali taya mai laushi da kaya a kanta ita ce ke yin zafi, tana zamewa a kan rim har ta tsinke bakin tub. Iska a ma'aunin PSI kamar 25 a gaba, 32 a baya idan da lodi, a auna da safe taya na sanyi. Idan ta fashe ana gudu, kada a cafki birki. A sassauta totur, a riƙe kan babur da ƙarfi, a bar shi ya rage gudu da kansa. A nan hular kwano take biyan kuɗinta.

To ko babur ya tsaya a hanya, akwai abin godiya a ciki. Mafi yawan abin da ke tsayar da mutum a hanya gargaɗi ne mai arha. Babur ya fara shaƙewa yana mutuwa bayan an sha man kwalba a bakin titi: galibi ruwa ne ko datti ya kwanta a gindin kafireta, a kwance ɗan sukurun da ke ƙasa a zubar, shi ke nan. Wani lokaci ma ramin numfashin murfin tanki ne ƙura ta toshe, kana buɗewa ka ji ya ja iska, mai ya ci gaba da sauka. Fulogi ya yi baƙi ƙirin, matatar iska ce ta cika da ƙura. Ya yi fari fat, injin na cin zafi, kuma da bai tsaya ba da bugawa zai yi. Sau nawa ake zuwa yin faci, mai faci ya cire ƙafa ya tarar takalmin birki ya cinye saura ƙarfe? Ƙusar da aka yi ta tsine wa ita ce ta tona asirin.

Duk wanda ya taɓa tura babur kilomita uku cikin rana ya san sauran. Ka iso ƙauyen da ba ka san kowa ba, dattijo a gindin darbejiya ya ce "sannu da hanya, Allah ya kiyaye gaba", yaro ya sheƙo da ruwan randa a kwanon sha, mai faci ya tsoma tub a daro yana bin kumfa da ido, yana murza shi a hankali har ya gano hujin. Ana ƙona facin nan sai ka tuna Azahar ta yi, wadda da babur na lafiya da ƙila ka wuce ta kana cewa sai Daura. Matafiyi kuwa an yi masa sauƙi, tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, ana yin ƙasaru, kuma addu'arsa na cikin waɗanda ba a mayarwa. Addu'ar hawan abin hawa ma, wadda ke cikin Suratuz Zukhruf, iƙirari ne cewa ba ƙarfinmu ne ya hore mana shi ba. Bakanike ya fi kowa yarda da wannan.

Sai dai kada a mayar da alherin mutanen hanya jari. A jakar kowane matafiyi a samu tub ɗaya sabo, famfon hannu, ƙarafan cire taya biyu, fulogi da sifanarsa, sifana mai lamba 10 da 12 da 14 da 17, filaya, wayar kuloci, makullin sarƙa, ƙwan fitila, robar ɗaure kaya da ruwan sha lita biyu. A tashi bayan Asuba, a sauka kafin Magariba, domin ramin da ake kauce wa da rana shi ne ake faɗawa da dare. Takardun babur kuma a sa su a leda cikin aljihu, ba ƙarƙashin buhu ba, saboda za a tambaye su a Kongolam.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Daga wasu kanikawan babur, Kano.