Wasiƙa Zuwa Gida Daga Bakin Dajin Amazon

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Inna. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Yaya da iyalinsa da Auta da dukkan mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi. Ina rubuto muku ne daga garin Puerto Maldonado a ƙasar Peru, domin hutun shekara da aka ba mu a mayankar kajin da nake aiki a kudancin Barazil na yi amfani da shi wajen zuwa ganin duwatsun Andes da dajin Amazon, ni kaɗai, da jakar goyo guda wadda ta ɗauke mini tufafi da darduma da magunguna. Na san hankalin Inna bai kwanta da wannan tafiya ba, shi ya sa na zauna in yi muku bayanin da waya ba za ta ɗauka ba, kuma akwai abin da na gani wanda nake roƙon a karanta wa Auta.

Daga Lima, babban birnin ƙasar, na hau jirgin sama zuwa Kusko, tsohuwar fadar daular Inka, wadda ke bisa tudu kimanin mita 3,400 sama da teku. Iskar wurin ba ta ƙosar da ƙirjin baƙo, har ma hawan matakala kaɗan yakan sa mutum haki da ciwon kai. Mutanen gari sukan ba baƙo shayin ganyen koka, wanda suke taunawa tun kaka da kakanni kuma dokarsu ba ta hana ba, amma tun da daga ganyen nan ake sarrafa hodar iblis sai na bar abin da zuciyata ke kokwanto a kai, na sha na wani ganye mai ƙamshin na'ana'a da suke kira muña. Shawarar da aka ba ni ita ce in gangara ƙasa kaɗan har jikina ya saba, don haka na shiga ƙaramar mota zuwa Ollantaytambo, tafiyar kusan awa biyu, a kwarin kogin Urubamba, inda tsayin bai wuce mita 2,800 ba.

Yawancin baƙi ratsa garin kawai suke yi su hau jirgin ƙasa zuwa Machu Picchu, kufan wani garin Inka da ke kan tsauni, ni kuwa na sauke jakata na zauna, kuma a ganina wanda ya ratsa ya yi asara. Gari ne ƙarami da har yau mutane ke zaune a cikin unguwannin da Inka suka shata fiye da shekara 500 da suka wuce, kuma a gefen lungunansa akwai magudanai na dutse da ruwan sanyi ke bi dare da rana daga kan tsauni. Manyan duwatsun ginin da ke saman garin an sassaƙe su an jera ba tare da laka ko siminti ba, sun haɗu ƙam yadda ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu. A nan ne a shekarar 1537 sarkinsu Manko Inka ya tare rundunar Sifaniyawa, ya karkato ruwan kogi ya malale filin da dawakinsu za su bi, suka koma Kusko ba shiri.

Sai dai abin da na fi son Baba ya ji shi ne yadda suka yi da ƙasar noma. Gangaren dutsen da mu za mu ce ko akuya ba za ta yi kiwo a kansa ba, sun yanka shi hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutse da ke riƙe ƙasa, an zuba tsakuwa a ƙarƙashi domin ruwa ya tsane, an ɗora ƙasa mai kyau a sama, sannan an jawo ruwa daga hawa zuwa hawa. Katangar takan sha zafin rana da yini ta riƙa sakinsa da dare, sai ta rage wa shuka ɓarnar jaura. A tsaunin da ke fuskantar garin kuma suka gina rumbunansu can sama, inda iska mai sanyi ke kaɗawa kullum, domin hatsi ya daɗe bai lalace ba. Na hau har wurin da sassafe, na daɗe ina duban kwarin, ina tunanin cewa mutanen da suka yi wannan aiki ba don cikinsu kaɗai suka yi ba, tun da ga jikokin jikokinsu suna shuka masara a wasu daga cikin gonakin har yanzu.

Dankalin turawa asalinsa daga waɗannan duwatsu ne, kuma ƙasar tana da irinsa fiye da 3,000, akwai baƙi da ja da rawaya da mai ɗigo-ɗigo. Manoman da ke can sama sukan shimfiɗa shi a fili a watannin Yuni da Yuli ya daskare da dare ya narke da rana, su tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, ya bushe ya zama abin da suke kira chuño, wanda ke yin shekaru a ajiye bai ɓaci ba. Dattijuwar da na sauka a gidanta, wadda harshen Kechuwa ya fi Sifaniyanci sauƙi a bakinta, ita ta fara dafa mini shi a miya. Da na gaya mata ba na cin naman da ba Musulmi ya yanka ba kuma ba na shan abin maye, ba ta ja zancen ba, sai ta riƙa ba ni kifi da ƙwai da dafaffiyar masara mai manyan ƙwayoyi da cuku. Inna ta kwantar da hankalinta game da salla. Ban ga masallaci a garin ba, amma ina duba alƙibla a waya in yi a ɗakina, ko da yake alwalar asuba a sanyin nan sai da ruwan ɗumi.

Tafiyar mutum ɗaya tana da wahalarta, domin babu mai tsare maka kaya in za ka zaga, babu kuma wanda za ka ce wa dubi wancan. Fasfona da katin rigakafin shawara a cikin riga nake ɗaure su, ba na fita bayan isha, kuma Fotugancin da na koya a wurin aiki yana taimaka mini in fahimci Sifaniyancinsu. Amma da yake ni kaɗai ne, mutane sun fi sakin jiki da ni, kuma a irin wannan hira ce dattijuwar ta gaya mini cewa ɗanta ya bar gona ya gangara daji haƙar zinariya, ya dawo da rawar hannu da ba ta barin sa ya riƙe kofi daidai.

Daga Kusko na shiga bas ta dare zuwa nan, tafiyar kimanin awa goma a kan titin da ya haɗa Peru da Barazil, wanda aka kammala a 2011. Titin yana hawa fiye da mita 4,700 kafin ya fara gangara, saboda haka na kwana cikin bargo na wayi gari ina gumi. Gari na wayewa muka ratsa yankin da ake kira La Pampa, kuma ban taɓa ganin ƙasa da aka yi wa irin wannan wulaƙanci ba. Inda ya kamata a ga daji, sai farin yashi da kududdufai masu ruwan laka da kututturan itatuwa da rumfunan leda. Masu haƙar sukan sare daji, su fasa ƙasa da ruwan famfon inji, su tace yashin, sannan su cuɗa shi da zaiba domin ta kama zinariyar, su ƙona dunƙulen a wuta zaibar ta tashi hayaƙi. Mai ƙonawa yana shaƙarta, saura kuma ta bi ruwa ta shiga jikin kifi, daga kifi ta shiga jikin mutane, inda take taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ta fi yi wa ɗan da ke ciki illa. A watan Fabrairun 2019 gwamnati ta tura sojoji da 'yan sanda suka kori masu haƙar daga wurin, amma da yawansu sun koma wasu sassan dajin ne kawai. Akasarin leburorin kuwa 'ya'yan manoman kan tudu ne daga Kusko da Puno.

Garin nan na Puerto Maldonado yana mahaɗar kogin Madre de Dios da na Tambopata, kuma daga nan ake shiga gandun dajin Tambopata da gwamnati ta keɓe a shekarar 2000. A nan tafiyar kaɗaici ta ƙare, domin ba a shiga sai da ɗan jagora, kuma hakan shi ne daidai. Mun bi kogi a kwalekwale mai inji, sannan muka taka kimanin kilomita uku zuwa tafkin Sandoval, inda na ga kadoji da birai da manyan karnukan ruwa suna kamun kifi a ƙungiya. Wata asubar kuma aka kai mu wani gaɓar kogi inda manyan aku masu ja da shuɗi da rawaya ke taruwa suna cin yumɓu, da kuka mai cika kunne.

Ɗan jagoranmu ya tsayar da mu a gindin wata bishiya da suke kira castaña, mai kai tsayin mita 50 da rayuwar ɗaruruwan shekaru. Kwansonta ya kai girman kwakwa, da 'ya'ya goma zuwa ashirin da wani abu a ciki, kuma yana faɗowa da kansa a lokacin damina, daga Disamba zuwa Maris, iyalai su shiga daji su tsinta su fasa da adda su sayar. Bishiyar ba ta yin 'ya'ya sosai sai a cikin dajin da ba a ɓata ba, domin wasu manyan ƙudan zuma na daji ne ke iya shiga furenta, kuma wata dabba mai kaifin haƙori da ake kira aguti ce ke fasa kwanson ta binne 'ya'yan su tsiro. Shi kansa ɗan jagoran da kuɗin wannan tsintuwa mahaifinsa ya yi masa karatu, kuma bishiyoyin suna nan tsaye.

Baba, Yaya ya gaya mini cewa Auta yana maganar bin abokansa wurin haƙar zinariya bayan girbi. Ba sai na tuna muku abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba, lokacin da gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara wajen 400. Gubar can dalma ce, ta nan zaiba ce, amma a wuraren biyu leburori da yara ne suka ɗauki cutar, masu saye suka tafi da ribar. Ina roƙon ku da girman Allah kada ku ba shi izini. Idan jari yake nema, na ɗauki nauyin injin ban ruwa da iri da taki domin ya kama noman rani a fadamar Kawu, kuma zan fara turo kuɗin ta hannun Yaya daga albashin wata mai zuwa.

Zan koma Barazil ta mota, in tsallaka iyaka a Iñapari in bi ta Rio Branco, kuma da zarar na isa zan buga waya, in sha Allahu. A gaishe mini da Kawu da Gwaggo da malaminmu da maƙwabta baki ɗaya, kuma ina neman albarkarku da addu'ar Inna a kan hanya.

Wassalam.

Ɗanku mai biyayya.