Dogo, na ci garahuni har da ƙari

Assalamu alaikum Dogo,

Na san ka cika ka batse, wata uku ko gaisuwa babu. Yi haƙuri, karatu ne ya sha mini kai. Ya su Inna? Ya ƙafar Baba? Wai da gaske ka rabu da babur ɗin nan, ko dai shi ne ya gaji da kai?

Abin da ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto: jiya na soya garahuni na ci da shinkafa, har da ƙari. Kar ka yi dariya. A nan Haidarabad ta Indiya akwai wani yayansa, karela suke ce masa, ya kai tsawon tafin hannu, jikinsa duk ƙuraje kamar bayan kada. Mu da muka san shi a jikin danga, sai in Goggo za ta ɗura mana don ciwon ciki!

Karon farko yankawa kawai na yi na zuba a miya. Wallahi maɗaci ya fi shi imani. Tukunya guda ta tafi bola, ga kuɗin nama. Matar mai gidanmu ce ta ji tausayina. Ta ce in zaɓi mai tauri, kore shar. Wanda ya fara rawaya ya wuce, cikinsa ma ja ne. A kankare bayan, a cire 'ya'yan, a yanka siriri, a cuɗa da gishiri a bar shi rabin awa, sannan a matse ruwan tas. Sai suya da albasa mai yawa, kurkum, ɗan ruwan tsamiya, da, ka ji ikon Allah, mazarƙwaila. Tasu sak irin tamu. Ɗacin na nan, amma ya zama mai ladabi. Ragowar ɗanyen kuma kar ruwa ya taɓa shi, a naɗe a takarda a sa a firji, kwana 4 ko 5 ya ishe shi.

Duma ma ci suke, tun yana ɗanye, lauki suke ce masa. Shi kam sai ka ɗanɗana kafin ka dafa. In ka ji ɗaci zubar, guba ce, tana kwantar da mutum a asibiti. Ka faɗa wa Kawu ƙoren da yake fafewa miya ce a nan.

Af, na ji an kai kuɗin gaisuwar mutuniyarka. Kai kuma kana ina aka yi haka? Ka ba ni labarin duka, kar ka rage komai.

Ka gaida 'yan majalisa, ban da mai bashina.

Naka,
Gajere