Godiya ga ofishin da ya hana ni sayen gidan rigima

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin dillancin gidaje da filaye da ke kan titin Ahmadu Bello, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, domin wadda na yi ranar da aka danƙa mini makulli ba ta ishe ni ba. Yau sati uku ke nan iyalina suna kwana a gidanmu na kanmu a Arkilla, bayan shekara 14 muna haya a Mabera.

Ni malamin makaranta ne, ban taɓa riƙe kuɗi masu kauri ba. Abin da ya tilasta mini neman gida shi ne zuwan mahaifiyata da 'ya'yan yayana uku daga wani ƙauye na ƙasar Rabah, lokacin da 'yan bindiga suka hana mutane noma da barci. Ciki biyu da falo, muka wayi gari mu goma. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ya wuce digiri 40, rabinmu a tsakar gida suke kwana, Inna kuma ba ta cewa komai sai dai in ga tana fifita da mafici har asuba. Na haɗa adashe, na ci bashin ƙungiyar ma'aikata, maiɗakina ta sayar da sarƙarta ta zinari, muka shiga nema.

Ashe neman ya fi tara kuɗin wuya. Ba mu kaɗai muka shigo birni ba, mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo duk nan suka nufo, kowa na neman inda zai ajiye iyalinsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma komai ya tashi, har simintin da ake yi nan Kalambaina, bakin ƙofarmu. Mai gida ya san ko ka tafi wani na bayanka, don haka kana tayawa yana cewa albarka ko kallonka ba ya yi.

Dillalan da na fara bi kuwa, Allah ya shirya. Gida ɗaya a Dambuwa, mutum uku suka kai ni a ranaku daban-daban, kowa da nasa farashin, kowa kuma ya rantse shi ne na hannun daman mai gida. Kafin a tada babur sai ka ba da kuɗin mai. In an isa sai ka tarar da wasu mutum biyu zaune a zaure, su ma wai da su za a raba la'ada. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wani gida da aka sallama mini a gaban shaidu, na ba da kafin alƙalami, muka yi addu'a muka shafa. Kwana huɗu bayan nan aka kira ni wai wani ya ƙara, an ba shi. Kuɗina sai da suka yi wata huɗu suna dawowa gutsure-gutsure. Ranar da na faɗa wa maiɗakina ba ta ce uffan ba, ta ɗauko buhunan da ta fara ɗaure kaya a ciki ta kwance su ɗaya bayan ɗaya.

A wannan hali na shigo ofishinku, kuma ba zan ɓoye ba, na shigo ne ina jiran irin abin da na saba gani.

Dattijon nan mai kula da takardu shi na fi so in ambata. Na ga hoton wani gida a Runjin Sambo cikin waɗanda ke hannunku, kuɗinsa daidai ƙarfina, na ce a rubuta mini rasit yanzu kafin wani ya riga ni. Ya cire tabarau, ya jawo fayil, ya ce: "Malam, yi haƙuri da wanga. Gidan gado ne, kuma akwai ɗiya mace guda da ke aure Birnin Ƙonni, ba ta sa hannu ba. In ka biya yau, gobe kana kotu." Na ce ai 'yan'uwanta maza sun yarda. Ya ce yardarsu ba ta ɗauke haƙƙinta, kuma shi ba zai karɓi ko sisina a kan gidan ba sai an ji daga bakinta. Na fita raina a ɓace, ina ganin ya hana ni rabona. Ban kai bakin titi ba na tuna la'adar da ya bari ta wuce shi, alhali ni da kaina nake roƙon ya karɓa.

Gida na biyu ya sha sabon fenti, yana ta ƙyalli. Ya ce mu bari sai an yi ruwa. Washegarin wani ruwan Agusta ya kira ni da sassafe, ya goya ni a babur ɗinsa. Muka tarar lungun ya zama tafki. Ya durƙusa gindin katanga, shi da ya haife ni, ya kankare fentin da makullin babur, sai ga danshi da farin gishiri-gishiri har kusan gwiwa. Wanda ya zauna Mabera ya san abin da ruwa ke yi wa gida, balle mu da muka ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a. Duk da haka ido ya rufe mini, don na gaji da nema. Ya miƙe yana kaɗe rigarsa ya ce: "Tsohuwa ba ta iya kwasar ruwa da dare."

Na Arkilla shi ne na uku, kuma bai zo da wata hayaniya ba. Kun haɗa ni da mai gidan ido da ido, kun kai ni Ma'aikatar Filaye aka duba fayil, aka tabbatar sunan da ke takardar mallaka nasa ne. Lauyanku ya bayyana mini cewa a dokar filaye ta 1978 sai da amincewar gwamna mallaka ke komawa hannun mai saye, aka kuwa shigar da takardun. Mai unguwa ya shaida, maƙwabta suka nuna iyaka. La'adar da kuka faɗa mini ranar farko ita na biya ranar ƙarshe, da rasit.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne yadda wannan ya zama abin mamaki a garin Shehu. Faɗin aibin kaya kafin a sayar, tun muna makarantar allo ake karanta mana shi. Amma yau mutum zai tashi daga sahun farko ya je ya sayar da fili ɗaya wa mutum biyu. Na san wata gwauruwa da ta zuba kuɗin gadon marayunta a fulotin da daga baya aka ce hanya ce. Kowa ya sayi waya ya zama dillali, babu ofis, babu rajista, babu inda za ka same shi in ta ɓaci. A wasu wuraren ma ko kujera ba a nuna maka in an ga ba da mota ka zo ba, tambaya ɗaya za ka yi a ce in ba ka shirya ba ka ba wasu wuri. Ya kamata hukuma da sarakunanmu su dubi wannan sana'a, domin kuɗin da ake wasa da su gumin shekara ashirin ne na wani.

Inna ta ce in gaida dattijon nan, in faɗa masa ta shuka zogale bayan ɗakinta, kuma ganyen farko nasa ne. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a kasuwarku, ya rufa muku asiri duniya da lahira.

Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta daga Arkilla, Sakkwato.