Cutar ƙin cin abinci: dawowar jiki ba ita ce ƙarshen jinya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin iyaye da ma'aikatan lafiya a kan cutar ƙin cin abinci, wadda likitoci ke kira anoreksiya, musamman abin da ke biyo baya bayan yarinya ta soma ci, kumatunta sun ciko, kowa ya yi ajiyar zuciya a kan an rabu da wahala.

A birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin, likitar ƙwaƙwalwar yara Maria Råstam da abokan aikinta sun tattara matasa 51 da cutar ta kama, mata 48 da maza 3, aka ci gaba da bibiyar rayuwarsu har tsawon shekara 30. Sakamakon da aka fitar a 2020 yana da daɗi ta wani ɓangare, domin babu ko ɗaya da ya rasu, kuma kashi 64 cikin ɗari sun warke sarai. Amma kashi 19 cikin ɗari suna nan da matsalar cin abinci duk da sun haura shekara 40, kashi 38 kuma suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa ta daban, sannan a matsakaicin lissafi mutum yakan shafe kusan shekara 10 yana fafatawa da cutar. Duk wanda ya taɓa zama da mai wannan ciwo ya san abin da shekara 10 ke ci a karatu da zumunci da sana'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka fi shan wuya a wannan doguwar tafiya su ne masu alamomin otizam, lalurar da ke shafar yadda mutum ke hulɗa da jama'a tun yarinta, wadda wasu ke kira galahanga. Tun a 1983 wani likitan ƙwaƙwalwar yara na Suwidin, Farfesa Christopher Gillberg, ya yi hasashen akwai alaƙa tsakanin lalurorin biyu, kuma binciken Gotenbag ya nuna cewa masu waɗannan alamomi sun fi fuskantar cikas wajen aiki, da hulɗa da jama'a, da lafiyar tunani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai lura. Akwai yarinyar da ba tsoron ƙiba ne tushen damuwarta ba. Tun tana ƙarama ba ta jure abinci mai yauƙi a bakinta, ba ta yarda kala biyu su haɗu a faranti ɗaya, ƙarar cokula da hayaniyar wurin cin abinci suna gigita ta, kuma idan aka sauya lokacin da ta saba ci sai ta rasa natsuwa har dare. Ƙirga abin da ta ci da kafa wa kanta dokoki masu tsauri shi ne ya zame mata mafaka. Idan aka zaunar da irin wannan yarinya ana ta yi mata nasiha a kan kyan jikinta, an bar jaki ana dukan taiki.

Sai dai a nan akwai buƙatar taka-tsantsan, domin yunwa kanta tana sauya hali. Gwajin da masanin kimiyya Ancel Keys ya yi a Minesota ta Amurka daga 1944 zuwa 1945, inda maza 36 lafiyayyu suka amince aka rage musu abinci, ya nuna yadda suka zama masu ƙyamar shiga mutane, masu saurin fushi, tunaninsu kullum a kan abinci. Saboda haka bai dace a ga yarinya a rame, ta yi shiru, ta kafe a kan ra'ayi ɗaya, a yanke hukuncin tana da otizam ba. Wajibi ne likita ya zauna da iyaye ya tambayi yadda take tun kafin ciwon: yadda take wasa, yadda take yin ƙawaye, abin da take ƙyama tun yarinta. Mata da yawa suna iya ɓoye waɗannan alamomi ta hanyar kwaikwayon na kusa da su, shi ya sa akan daɗe ba a gane su ba.

A Landan, Farfesa Kate Tchanturia da abokan aikinta sun tsara wata hanyar jinya mai suna PEACE domin irin waɗannan marasa lafiya, kuma gyare-gyaren da suka kawo ba masu tsada ba ne: wurin cin abinci marar hayaniya, jadawalin da ba ya sauyawa ba tare da sanarwa ba, bayani a fili babu habaici, da barin mara lafiya ta faɗi irin abincin da bakinta ke karɓa. A ganina babu uzurin da zai hana kowane asibiti gwada wannan, balle a cutar da ke cikin mafiya kisa a lalurorin ƙwaƙwalwa, wadda kusan ɗaya cikin biyar na mace-macenta kashe kai ne.

Ina fatan jaridarku za ta gayyato likitocin ƙwaƙwalwar yara su yi wa iyaye bayanin tambayoyin da ya kamata su yi kafin a sallami 'yarsu, da kuma wanda zai ci gaba da duba ta bayan sallamar.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku